Haɗa hannun gem da wayar salula: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya saba buga ƙwallo ko wasan harbi a gidan gem ya san bambancin da ke tsakanin danna maɓalli na gaske da shafa gilashin waya, musamman idan gumi ya jiƙa yatsu ko kuma manyan yatsun sun rufe rabin filin wasan. Wayoyin Android da iPhone na yanzu suna karɓar hannun gem ba tare da wata wahala ba, sai dai akwai wurare da yawa da mutum zai iya kashe kuɗinsa a banza idan bai san su ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawo a tsakanin masu son gwadawa.

Shin kowane hannun gem yana haɗuwa da kowace waya?

A'a. Abubuwa uku ne suke haɗuwa kafin a samu biyan buƙata: hannun kansa, tsarin da wayar take aiki da shi, da kuma wasan da ake son bugawa. Dole ne hannun ya zama mai Bluetooth irin wanda waya take ganewa, ko kuma mai kebul ɗin USB. Ita kuma wayar kada tsarinta ya tsufa da yawa. A ɓangaren Android, hannun PS4 ya samu cikakken gurbi ne daga Android 10 da ya fito a 2019, na PS5 kuma kamfanin Sony yana neman Android 12 zuwa sama. Wayoyin da suka gaza haka wani lokaci suna haɗuwa da hannun, amma sai a tarar maɓallan sun cakuɗe ko kuma amsar tana zuwa a makare. Abu na uku, wato wasan, shi ne wanda aka fi mantawa da shi, kuma a nan gizo yake saƙa.

Me ya sa aka ce a fara duba wasan kafin a sayi hannun?

Domin waya tana iya haɗuwa da hannu lafiya lau, har mutum ya riƙa yawo a tsakanin manhajojinsa da analog, wato ɗan sandan hannun da ake juyawa da babban yatsa, amma da zarar ya buɗe wasan da ya sayi hannun dominsa sai komai ya yi shiru. Wannan ba lalacewa ba ce. Kamfanin da ya ƙera wasan ne yake yanke shawarar ko wasansa zai saurari hannu ko kuma yatsa kaɗai zai amsa wa, kuma babu wani saiti a cikin waya da zai tilasta masa.

Daga cikin wasannin da suke karɓar hannu akwai Minecraft, da Roblox, da Fortnite wanda ya fara karɓa a waya tun farkon 2019, da Asphalt 9 wanda aka sauya wa suna zuwa Asphalt Legends Unite a 2024, da GTA San Andreas, da Stardew Valley, da Dead Cells. Call of Duty Mobile ma yana karɓa, amma da sharuɗɗansa: an tsara shi ne domin hannayen PlayStation da Xbox na asali, hannun yana aiki ne a cikin fafatawa kawai, zaɓen makami da sauran shirye-shiryen da ke gabanta kuwa da yatsa ake yi. Haka nan wasan yana haɗa mai hannu ne da 'yan'uwansa masu hannu, kuma idan mutum ɗaya a cikin tawaga ya haɗa hannu, tawagar gaba ɗaya za a kai ta can. Saboda haka wanda ya sayi hannu da nufin ya riƙa cin zalin masu shafa gilashi, lissafinsa bai fita ba.

PUBG Mobile, wanda yake cikin wasannin da matasa suka fi bugawa, bai ba hannun gem gurbi a hukumance ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya dakata kafin ya ciro kuɗi. Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe saitunan wasan a duba ko akwai sashen da ya shafi hannu, ko a karanta bayanin wasan a Play Store ko App Store, ko kuma, wanda ya fi duka, a ari hannun aboki a gwada na minti biyar. Kamfanoni sukan ƙara wannan dama a sabuntawa ta gaba, don haka gwajin da aka yi yau ya fi labarin da aka ji bara.

Yaya ake haɗa hannun PS4 ko na PS5 ta Bluetooth?

Da farko a tabbatar hannun a kashe yake kuma ba a jone yake da kebul ba. A hannun PS4, wato DualShock 4, ana danne maɓallin Share da maɓallin PS na tsakiya a lokaci guda, a riƙe su na 'yan daƙiƙoƙi. Fitilar da ke goshin hannun za ta fara ƙiftawa fari, sau biyu a jere, ta ɗan tsaya, ta sake sau biyu. Wannan ƙiftawa bibbiyu ita ce alamar hannun yana neman sabuwar na'ura. Idan kuwa fitilar tana kunnuwa tana mutuwa a hankali, sau ɗai-ɗai, to hannun yana neman tsohuwar na'urar da ya sani ne, kuma waya ba za ta gan shi ba. Sai a bari ya mutu a sake, a kula a fara danne Share kafin PS.

A hannun PS5, wato DualSense, maɓallin Create ne ya maye gurbin Share, yana hagu da faifan taɓawa. Ana danne shi tare da PS har sai shuɗin hasken da ya kewaye faifan ya fara ƙiftawa da sauri. Daga nan sai a buɗe Bluetooth a waya, a nemi sabuwar na'ura, a taɓa sunan da ya bayyana. Na PS4 yakan fito da sunan Wireless Controller ko DUALSHOCK 4 Wireless Controller, na PS5 kuma DualSense Wireless Controller. Ba a buƙatar wata lambar sirri. Da zarar hasken ya daina ƙiftawa ya tsaya, an gama, kuma daga ranar danna PS kaɗai ya wadatar muddin Bluetooth ɗin wayar a kunne yake.

Ina da hannun Xbox amma waya ta ƙi ganinsa. Mene ne dalili?

Mai yiwuwa ba shi da Bluetooth ne kwata-kwata. Hannayen Xbox One na farko suna magana da na'urarsu ne ta wata hanyar sadarwa ta Microsoft wadda waya ba ta jin ta. Bluetooth ya shigo ne da hannun da ya zo tare da Xbox One S a 2016, sannan na Xbox Series X da S na 2020 duk suna da shi. Ana bambance su da ido. A dubi robar da ta kewaye maɓallin Xbox mai haske: idan haɗe take da fuskar hannun, launinsu ɗaya ba tare da tsaga a tsakani ba, to mai Bluetooth ne. Idan kuwa robar wani yanki ne daban mai sheƙi da ya haɗe da saman hannun inda maɓallan kafaɗa suke, to tsohon samfuri ne, sai dai a yi amfani da kebul. Ana kuma iya cire batir a karanta lambar samfurin da ke ciki: 1708 da 1914 suna da Bluetooth, 1537 da 1697 ba su da shi.

Idan mai Bluetooth ne, a kunna shi da maɓallin Xbox, sannan a danne ƙaramin maɓallin haɗawa da ke goshinsa kusa da ramin USB na kimanin daƙiƙa uku, har tambarin ya fara ƙiftawa da sauri. Zai fito a waya da sunan Xbox Wireless Controller.

Hannun Nintendo Switch fa, da na sauran kamfanoni?

Pro Controller, wato cikakken hannun Switch, yana da ɗan ƙaramin maɓallin haɗawa a samansa kusa da ramin caji, kuma yana aiki da Android na zamani da iPhone mai iOS 16 zuwa sama. Joy-Con kuwa, wato ƙananan hannaye biyu da ake maƙalawa a gefen Switch, a Android yawanci waya tana ɗaukar kowane ɓari a matsayin hannu mai zaman kansa, abin da bai cika amfani ba.

Hannayen kamfanoni irin su 8BitDo da GameSir da iPega an yi su ne domin na'urori iri-iri, shi ya sa suke da yanayin aiki fiye da ɗaya. 8BitDo Pro 2, alal misali, yana da makunni a bayansa mai haruffa huɗu, S da A da D da X, na Switch da Apple da Android da kuma Windows. Wasu kuma ana zaɓen yanayin ne ta danne wani maɓalli lokacin kunnawa. Idan aka haɗa irin wannan hannu a yanayin da bai dace ba, waya za ta karɓe shi amma wasa ya ƙi, don haka takardar da ta zo a cikin kwalin ba abin yarwa ba ce.

Zan iya amfani da tsohon hannun PS3 ko PS2 ko Xbox 360?

Hannun PS3 yana da Bluetooth, amma ba ya haɗuwa ta hanyar da aka saba, domin ta kebul ake rubuta masa adireshin na'urar da zai riƙa nema. A da can sai an fasa tsaron wayar kafin a iya yin hakan, aikin da bai dace a yi wa wayar da ake harkar banki da ita ba. Ta kebul ɗin OTG dai, wanda bayaninsa yake tafe a ƙasa, yana aiki a wayoyin Android da dama. Hannun PS2 yana buƙatar adaftar da za ta mayar da bakinsa USB. Na Xbox 360 mai kebul yana aiki da Android ta OTG, marar kebul kuwa ba Bluetooth yake amfani da shi ba, sai an samo masa na'urar karɓa ta musamman. Hannayen kwamfuta masu kebul, waɗanda suka fi kowanne arha a kasuwa, su ma galibi suna aiki ta OTG, musamman a PPSSPP, manhajar buga wasannin PSP (ƙaramar na'urar gem ta Sony) a waya, inda mutum yake tsara maɓallansa da kansa.

Mene ne OTG, kuma yaya ake amfani da shi?

OTG wata dama ce da take ba waya ikon zama uwar gida ga wata na'urar USB, ta ba ta wuta kuma ta karɓi saƙo daga gare ta, kamar yadda kwamfuta take yi wa filashi. Abin da ake buƙata shi ne 'yar adafta, ɗaya bakin ya dace da ramin cajin wayar, ko USB-C ko ƙaramin baki na da, ɗaya bakin kuma babban ramin USB ne inda za a soka kebul ɗin hannun. Idan wayar da hannun duk USB-C ne, kamar DualSense ko hannun Xbox Series, kebul mai USB-C a kowane baki ya isa, babu buƙatar adafta.

Abubuwa biyu ne suke hana wannan hanya aiki. Na farko, wayoyi da yawa, ciki har da na Oppo da Realme da wasu samfuran Tecno da Infinix, suna zuwa da OTG a kashe, sai an shiga saituna an rubuta OTG a wurin bincike an kunna. A wasunsu ma yana kashe kansa idan ya yi minti goma ba a jona komai ba, sai mutum ya zaci adaftarsa ce ta mutu. Na biyu, ba kowane kebul ne yake ɗaukar bayanai ba. Akwai masu arha da caji kaɗai suke yi, domin zaruruwan da suke ɗaukar bayanai babu su a ciki. Idan hannun ya kawo hasken caji amma wasa bai motsa ba, kebul ɗin ne abin zargi na farko.

Tsakanin Bluetooth da kebul, wanne ya fi?

A kan waya mai ƙarfi da hannu na asali, bambancin ƙanƙane ne, mafi yawan mutane ba za su ji shi ba. A kan waya mai matsakaicin kuɗi kuwa, kebul ya fi tabbas, domin ba ya yankewa kuma amsarsa ba ta sauyawa. Farashin da ake biya shi ne batir: wayar ce take ciyar da hannun da wuta, har ta riƙa yi masa caji, sannan ramin cajinta a toshe yake. Ga wanda wuta ba ta zauna masa ba, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne, kuma ya fi kyau a cika batirin hannun tun kafin a jona shi.

Ga masu iPhone, akwai wani bambanci?

Tun 2013 Apple yake karɓar hannaye masu tambarin MFi kaɗai, wato alamar amincewar Apple, har zuwa iOS 13 a 2019 da ya buɗe ƙofa ga hannun PS4 da na Xbox mai Bluetooth. DualSense da hannun Xbox Series sun shigo da iOS 14.5 a 2021, na Nintendo kuma da iOS 16 a 2022. Haɗawar iri ɗaya ce da ta Android. Bayan an haɗa, wani sashe mai suna Game Controller yana bayyana a ƙarƙashin General a cikin saituna, inda ake iya sauya aikin kowane maɓalli. Abin lura ga mai sayen hannun da ake sokawa a ramin caji shi ne iPhone 15 na 2023 ya koma USB-C, don haka hannu mai bakin Lightning ba zai shige shi ba.

Na ji akwai manhajojin da suke sa hannu ya yi aiki a wasan da ba ya karɓa. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, akwai irinsu Mantis Gamepad Pro da Octopus da Panda Gamepad Pro a Android. Aikinsu shi ne su mayar da danna maɓalli ya zama kamar yatsa ne ya taɓa wani wuri a gilashi: mutum ya ja alamar R2 ya ɗora a kan wurin harbi, ya ɗora analog na hagu a kan da'irar tafiya. Wasan bai san da hannu ba, yatsa yake gani.

Sai dai ra'ayin wannan shafi shi ne a yi hattara da su, saboda dalilai uku. Kafin su yi aiki suna neman izini mai zurfi, yawanci ta sashen masu ƙera manhaja da ke ɓoye a saituna, kuma manhajar da take iya taɓa gilashi a madadin mai waya ba abin wasa ba ce, balle idan an sauke ta daga wani shafi da ba a sani ba maimakon Play Store. Na biyu, wasannin gasa na intanet suna iya ɗaukar wannan a matsayin maguɗi su rufe asusu, kuma asusun da aka yi shekaru ana ginawa, aka zuba masa kuɗi, ya fi hannun tsada. Na uku, sakamakon ma bai cika gamsarwa ba, domin saitin bindiga da aka tsara wa yatsa ba ya tafiya daidai da analog, sai a tarar ƙwararren da yake taɓa gilashi da yatsu huɗu ya fi mai hannun sauri. A wasan da ake bugawa ba tare da intanet ba, dalili na biyu ya faɗi, na farko kuwa yana nan.

Yaya ake saita hannu a PPSSPP?

Wannan manhaja, wadda Henrik Rydgård ya fara fitarwa a 2012 domin buga wasannin PSP a wasu na'urori, ita ce inda hannun gem ya fi nuna amfaninsa, domin wasannin tun asali da maɓallai aka tsara su. Matasan da suke buga ƙwallon PES a cikinta sun san wahalar bugun kusurwa da maɓallan gilashi. Ta daɗe a Android, kuma ta shiga App Store a 2024 bayan da Apple ya sassauta dokarsa.

Bayan an haɗa hannun, a shiga Settings, a zaɓi Controls, sannan Control mapping. A nan ana taɓa sunan kowane maɓallin PSP, sai a danna wanda ake so ya wakilce shi a hannun. A wannan sashe na Controls ne kuma ake kashe maɓallan da suke bayyana a gilashi domin fili ya buɗe. Kada a yi mamaki idan analog na dama da L2 da R2 ba su yi komai ba: PSP analog ɗaya gare ta da maɓallan kafaɗa biyu kacal. Mai dabara yakan ba waɗannan maɓallai da suka rage wani aiki, kamar adana wasa nan take ko ƙara masa gudu.

Mutum biyu za su iya bugawa da hannu biyu a waya ɗaya?

Waya tana iya haɗuwa da hannu fiye da ɗaya, amma wasannin waya kaɗan ne aka tsara domin haka. A PPSSPP ba ya yiwuwa yadda ake yi a gidan gem, domin PSP na'urar mutum ɗaya ce. Hannu biyun ɗan wasa ɗaya za su riƙa ja. Masu son karawa sai kowa ya riƙe wayarsa, su haɗu a kan Wi-Fi ɗaya ko hotsifot ɗin ɗayansu.

Na bi duk matakan amma sunan hannun bai fito ba, ko ya fito ya ƙi haɗuwa.

A fara da batir, domin hannun da cajinsa ya yi ƙasa yakan ƙifta ya mutu kafin haɗawa ta kammala. Sannan a nisanta daga na'urar da hannun ya saba da ita, ko a cire ta daga wuta, don kada ta riga wayar kama shi. Idan an taɓa haɗa shi da wannan wayar, a shiga jerin na'urorin Bluetooth a goge sunansa, a kashe Bluetooth a kunna, a sake daga farko. Idan duk wannan bai yi ba, hannayen PS4 da PS5 suna da wani ɗan rami a bayansu, na PS4 yana kusa da L2, wanda idan aka soka tsinken cire layin waya aka danne na daƙiƙa biyar, hannun zai farfaɗo daga duk wani ruɗewa. Hannun Xbox kuwa cire batiransa na ɗan lokaci yakan wadatar, kuma sabunta manhajar cikinsa ta Xbox Accessories a kwamfuta mai Windows yana magance matsalolin haɗuwa da dama. Sony ma yana da irin wannan manhaja ta kwamfuta domin DualSense.

Ina danna maɓalli amma sai an ɗan jima ɗan wasan yake motsawa. Ina matsalar take?

Da farko a tantance ko hannun ne ko wasan. A ajiye hannun a buga da yatsa. Idan nauyin yana nan, to wayar ce ta gaji ko ta yi zafi, ko intanet ɗin ne, sai a rage ingancin hoto a saitunan wasan. Idan kuwa da hannu kaɗai ake jin jinkirin, to Bluetooth ne. Shi da Wi-Fi na gama-gari suna cunkushe ne a zango ɗaya na 2.4 GHz, don haka komawa Wi-Fi mai 5 GHz, inda akwai shi, yana sauƙaƙa lamarin. Cire abin sauraro na Bluetooth da agogon hannu ma yana taimakawa, haka nan kashe yanayin tattalin batir. Akwai kuma wani dalili da ba a cika tunawa da shi ba: manhajojin da aka ba izini a sashen Accessibility suna iya shiga tsakanin hannu da wasa a wasu wayoyin Android, kuma kashe su na ɗan lokaci yakan nuna ko su ne. Idan an gwada waɗannan ba a dace ba, kebul ne maganin.

Me ya sa A da B suka juye?

A hannun Xbox, A yana ƙasa, B yana dama. Na Nintendo kuwa akasin haka ne. Wasan da aka tsara da tsarin Xbox zai nuna A alhali wurin da yake nufi shi ne inda B yake a hannun Nintendo. Ana gyarawa a saitunan wasan.

Ramin abin sauraro da girgizar hannun suna aiki da waya?

Idan ta Bluetooth aka haɗa, ramin abin sauraro da ke jikin hannun PlayStation ko Xbox ba ya fitar da sauti, sai a jona abin sauraron a wayar kanta. Girgiza kuma ta danganta da wasa da waya. Maɓallan L2 da R2 na DualSense masu tauri da sassauci gwargwadon abin da ke faruwa a wasa ba sa nuna wannan bajinta a yawancin wasannin waya, don haka wanda waya kaɗai zai yi amfani da ita bai da dalilin biyan kuɗin DualSense domin su.

Bayan na haɗa da waya, hannun ya daina kunna PS4 ɗina. Ya lalace ne?

Bai lalace ba, ya manta da ita ne, domin na'urar ƙarshe da aka haɗa shi da ita yake nema. A jona shi da PS4 ta kebul mai ɗaukar bayanai a danna PS, zai koma gida. Wannan abin kula ne ga mai aron hannu daga gidan gem ko daga ɗan'uwa. Hannun Xbox Series ya fi sauƙi a nan, domin yana riƙe na'urar Xbox da waya a lokaci guda: danna maɓallin haɗawa sau biyu da sauri yana mayar da shi Xbox, danne shi kuma yana dawo da shi waya.

Yaya zan gane hannu na jabu?

Hannun PS4 na cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, kuma kwali da tambari ba sa tabbatar da komai. Na jabu yakan yi sakayau a hannu, maɓallansa suna ƙara kamar busasshiyar roba, rubutun takardar bayansa ba ya fita tsaf, analog ɗinsa kuma ba ya bin motsi a hankali, daga tsaye sai gudu. Farashin da ya yi ƙasa ƙwarai ma shaida ne. Ba duka na kwaikwayo ne marasa amfani ba, wasu suna aiki da PPSSPP daidai gwargwado, matsalar ita ce a sayar wa mutum da shi a kuɗin na asali, ko kuma wasa irin Call of Duty Mobile ya ƙi shi.

Ko a Farm Centre ta Kano ne, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, kada a yi cinikin biri a sama. A je da wayar da za a yi amfani da ita, wasan yana ciki, a haɗa a gaban mai kaya. A sauke ɗaya daga cikin manhajojin gwajin hannu, a danna kowane maɓalli, a juya kowane analog zagaye, sannan a sake shi a zuba ido: ɗigon da ke gilashin ya kamata ya dawo tsakiya ya tsaya cik. Idan yana rarrafawa gefe da kansa, analog ɗin ya fara cinyewa, kuma wannan shi ne ciwon da ya fi kama hannayen da aka taɓa amfani da su. Wasu sababbin hannayen GameSir da 8BitDo suna amfani da maganaɗisu a analog maimakon sassan da suke gogar juna, shi ya sa suka fi jure wannan matsala.

Da wace caja zan yi wa hannun caji?

Hannayen PlayStation wuta mai 5V suke sha. Caja mai inganci, ko da mai saurin caji ce, ba ta ƙara ƙarfi sai na'ura ta nema, amma cajar da ba a san asalinta ba tana iya ƙona hannun, don haka ramin USB na kwamfuta ko fawabank mai kyau ya fi kwanciyar hankali. DualShock 4 yana da batir mai 1000 mAh, DualSense kuma 1560 mAh. Hannun Xbox batiran AA guda biyu yake ɗauka, abin da wasu suke gani koma-baya ne, amma a inda ake ɗauke wuta ba sanarwa, batiran da ake cajawa guda huɗu, biyu a ciki biyu a ajiye, sun fi jiran caji. A kuma riƙa kashe hannun idan an gama. A na PlayStation danne PS na kimanin daƙiƙa goma yana kashe shi.

A ina zan ajiye wayar alhali hannayena biyu suna riƙe da hannun gem?

Hanya mafi arha ita ce maƙalin roba da ake ɗaurawa a jikin hannun ya riƙe wayar a sama. Kowane samfurin hannu da nasa maƙalin, na PS4 ba ya kama DualSense. Aibinsa shi ne nauyin babbar waya yana rinjayar wuyan hannu idan wasa ya yi tsawo. Ɗaya hanyar ita ce hannu mai buɗewa da ake sa wayar a tsakiyarsa, irin su Razer Kishi da Backbone One da suka fito a 2020, da makamantansu na GameSir. Masu USB-C a cikinsu ba su da batir, ba su da jinkirin Bluetooth, kuma suna da ramin da ake yi wa wayar caji ana cikin wasa. Kafin a saya a auna tsawon wayar, a duba ko ramin cajinta yana tsakiya, a kuma sani cewa sau da yawa sai an cire mata riga kafin ta zauna.

Zan iya buga wasannin PS4 ko PS5 ɗina a waya da hannun?

Ana iyawa ta manhajar PS Remote Play. Na'urar ce take gudanar da wasan a gida, ta turo hotonsa zuwa waya, wayar kuma ta mayar mata da abin da aka danna. Xbox yana da irin wannan dama, masu kwamfuta kuma suna da Steam Link. Sony yana neman intanet mai gudun aƙalla 5 Mbps, ya kuma ba da shawarar 15 Mbps, a ɓangaren saukewa da turawa duka. A cikin gida, inda na'urar da wayar suke kan Wi-Fi ɗaya, abin yana tafiya sosai, musamman idan an jona na'urar da rauta ta kebul, kuma yana raba gardamar talabijin tsakanin mai gem da masu kallo. Daga nesa kuwa sai an samu wuta a gida, na'urar tana yanayin hutu ba a kashe ba, intanet mai ƙarfi a ɓangarorin biyu, da kuma data mai yawa, domin bidiyo ne yake gudana ba tsayawa har a tashi daga wasan.